Amsa: kiwon kifi cikin gonar shinkafa a ƙasar Angami

Malam, ka tambaya ko da gaske ana kiwon kifi a cikin gonar shinkafa ba tare da amfanin ya lalace ba. Ƙwarai kuwa. Angami, mutanen yankin Kohima a jihar Nagaland ta arewa maso gabashin Indiya, sun daɗe suna yi.

Ƙasarsu duk tsauni ce, shi ya sa suka sassare gangare hawa-hawa, kowane hawa aka ɗaure bakinsa da ƙasa da duwatsu don ya riƙe ruwa. Daga rafi ake janyo ruwan ta ƙananan magudanai, wani wurin ta cikin gora, ya cika na sama ya zubo wa na ƙasa. Ƙauyen Khonoma ya yi suna a wannan aiki. Bayan dashe, wajen Yuni zuwa Yuli, sai a saki 'ya'yan kifi, galibi irin da ake kira kaf.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ramin da suke haƙawa a cikin fili, ya fi sauran wurin zurfi. In ruwa ya ja baya ko rana ta yi zafi, nan kifi ke fakewa. Gab da girbi, wajen Oktoba ko Nuwamba, a tsiyaye ruwan, kifin ya taru a ramin, a kwashe shi cikin sauƙi. Kafin nan ya ci ƙwari da ƙananan ciyayi, kashinsa ya zama taki.

In kana son gwadawa a fadamarka, ka tabbatar ruwa zai zauna wata uku zuwa huɗu, kuma don Allah ka rabu da feshin maganin ƙwari, don shi ke fara kashe kifin.