Ivan Pace da ƙaramin jiki: me za a sa rai, kuma wane karo ne ke karya wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ina zaune a Minneapolis, kuma Vikings nake yi a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Tun da aka shiga atisayen bana na 2023 ba a maganar kowa sai Ivan Pace Jr., sabon lainbakan nan (ɗan tsaro mai tsayawa bayan layin gaba) da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. A zaurenmu na WhatsApp an rabu gida biyu. Wasu sun ce Sam Mills ne ya dawo, wato gajeren lainbakan da ya yi suna a da, wasu sun ce da tsawon ƙafa 5 da inci 10 ƙattin layi za su murƙushe shi kafin Oktoba. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne wai gajere ba shi da makami sai zafin karo, ya dunƙule ya soka kai. Abin da ya hana ni barci, yaron wajena ɗan shekara 15 wannan gurbin yake bugawa a makarantarsu, shi ma ba jiki gare shi ba, ya mai da Pace gwaninsa, kuma na lura ya fara sunkuyar da kai in zai kayar da mutum. Har roƙona yake in sayo masa garin ƙara nauyi. Me ya kamata mu sa rai daga Pace a bana? Kuma da gaske ne ƙaramin jiki sai da irin wannan karo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar Pace mai sauƙi ce, bari mu fara sallamar ta. Ta yaronka ce mai nauyi.

A zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na Afrilun 2023 an kira sunaye 259 a zagaye bakwai, ba a kira nasa ba. Wannan kuwa yaro ne da ya kayar da mutum sau 137 a Jami'ar Cincinnati a kakar 2022, aka ba shi gwarzon ɗan tsaro na rukuninsu, kuma tun 2019 yana Miami ta Ohio ya kayar da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, sau shida a wasa ɗaya da Akron. Masu farautar 'yan wasa sun ga duk wannan, ba makafi ba ne. Nauyinsa ma bai dame su ba, domin fam 231, wato kusan kilo 105, ba baƙon nauyi ba ne ga lainbakan wannan zamani da ake yawan jefa ƙwallo. Abin da ya kore su hannu ne. Tsawon hannunsa inci 30 ne da ɗan ɗoriya, alhali ƙaton da zai tare shi a tsakiyar layi yana zuwa da inci 33 ko fiye, ga kilo 140 a bayansa. Wanda hannunsa ya riga isa ƙirjin ɗan'uwansa shi ke da iko da karon. Sai kuma tsaron masu karɓar ƙwallo: T.J. Hockenson, abokin wasansa a Vikings da suke haɗuwa kullum a atisayen 2023, ƙafa 6 da inci 5 ne, Cole Kmet na Chicago ya fi haka. Ko ka manne da irinsu, sai a jefa ƙwallo ta saman kanka.

Sa'arsa ɗaya, ya faɗo gidan da ya dace da shi. Tsaron Vikings na kakar 2022 shi ne na 31 cikin 32 wajen yadin da aka ci a kansa, shi ya sa aka sallami kocin tsaro Ed Donatell bayan Giants ta fitar da su, aka kawo Brian Flores a madadinsa. An kuma rabu da lainbaka Eric Kendricks a watan Maris 2023, gurbi ya buɗe kusa da Jordan Hicks. Flores mutum ne mai son farmaki, yana tara mutane a bakin layi ya rikita lissafin masu tare hanya. A irin wannan tsari ba a ce wa Pace ya tsaya ya yi kokawa da ƙato, ce masa ake ya kutsa ta rami kafin ƙaton ya miƙe. Wannan kuwa aikinsa ne tun yana jami'a.

To ga abin da nake sa rai a kakar 2023. Ya tsallake ranar 29 ga Agusta da za a rage mutum 90 zuwa 53. Ya yi aiki tuƙuru a rukunin bugun ƙwallo, wato masu shiga fili lokacin da za a buga ƙwallo da ƙafa. A riƙa sako shi a lokutan farmaki, in ya riƙe amana a ƙara masa. Za ku gan shi a bayan layin abokan hamayya yana ɓata musu shiri, za ku kuma ga ranar da ƙato zai cafke shi ya tura shi yadi biyar baya. Duka biyun za su faru, wataƙila a wasa ɗaya. Wasannin gwaji kada su ruɗe ku, ciki har da na Seattle: manyan 'yan wasa a benci suke, kuma babu kocin da ke baje dabarunsa a Agusta.

Masu cewa Sam Mills kuma su koma su karanta tarihinsa gaba ɗaya. Cleveland ta sallame shi a 1981, Toronto ta Kanada ta sallame shi a 1982, ya koma koyarwa a sakandare, ya yi shekara uku a USFL, wata gasa daban da NFL, bai shiga NFL ba sai 1986 yana ɗan shekara 27. London Fletcher, da ya buga wasa 256 a jere, shekararsa ta farko a 1998 kusan duk a rukunin bugun ƙwallo ya yi ta. Nakobe Dean ya ci kyautar Butkus ta gwarzon lainbaka ya ɗauki kofin ƙasa da Jami'ar Georgia, amma a 2022 a Eagles ko wasa ɗaya ba a fara da shi ba. Akwai waɗanda suka shiga da ƙafar dama, irin su Zach Thomas a 1996, wanda aka shigar cikin zauren gwaraza na Canton farkon Agusta 2023, da Malcolm Rodriguez da aka fara wasa 15 da shi a Detroit a 2022. Su ɗin ake tunawa. Gajerun da aka sallama a ƙarshen Agusta babu mai riƙe sunansu.

Yanzu maganar da 'yan zaurenku suka haɗu a kai, wai gajere ya soka kai. Malam, wannan maganar ita ce ke ajiye yara a keken guragu, kuma kusan kullum sai na ji ta a bakin fili. Uba ne ke faɗa daga bayan shinge, ko wani da ya taɓa buga wasa shekara talatin da suka wuce, ko ɗan Instagram da ke yanka bidiyon karo na daƙiƙa goma ya ɗora kiɗa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Babu ɗayansu da ya taɓa durƙusawa kusa da yaron da ke kwance yana cewa ba ya jin ƙafafunsa.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Wuyan mutum ƙashi bakwai ne a jere, kuma in kai yana miƙe suna da ɗan lanƙwasa ta halitta. Wannan lanƙwasar da naman wuya su ke shanye bugu. Da zarar yaro ya sunkuyar da kai kamar digiri 30, lanƙwasar ta tafi, ƙasusuwan sun jeru a miƙe. Sai tsakar kai ta daki mutum ta tsaya cak, gangar jiki kuwa tana nan tafe da gudunta. Wuya ya shiga tsakani. Kamar karan dawa ne ka kafa a ƙasa ka danna daga sama: ba ya lanƙwasa a hankali, ɓallewa yake a gaɓa. Abin yana faruwa kafin ƙiftawar ido, kafin nama ya ankara ya ɗaure. Shi ya sa nake jin haushin masu cewa ai yaro ya ƙarfafa wuyansa a wurin ɗaga ƙarfe. Ƙarfin wuya yana da amfaninsa, amma ba ya hana wannan.

Hular kwano ma ba ta hanawa. An yi ta ne don kada ƙoƙon kai ya fashe, ba ruwanta da wuya. Ita ce ma ta koya wa mutane wannan mugun hali, domin da aka samu hula mai tauri sai 'yan wasa suka mai da ita makami, masu horarwa na wancan lokaci suna koyar da haka. A 1976 hukumomin wasannin jami'o'i da na sakandare a Amurka suka haramta soka kai. Likitan ƙashi Joseph Torg, wanda ya bi diddigin lamarin, ya ƙirga mutum 34 da suka shanye hannu da ƙafa a 1976, zuwa 1984 adadin ya sauko 5. Sauya yadda ake kayarwa ne ya kawo wannan. Kusan shekara hamsin ke nan da sanin abin, amma har yau sai an yi ta maimaitawa.

In kana son misali na kusa, Ryan Shazier na Pittsburgh. An zaɓe shi a zagayen farko a 2014, ya fi Pace tsawo, yana cikin lainbakokin da suka fi kowa gudu a zamaninsa. Ranar 4 ga Disamba 2017, a Cincinnati, ya zo kayarwa irin wadda ya yi sau ɗaruruwa, kansa a ƙasa. Ya faɗi yana laluben bayansa, ƙafafu ba motsi. An yi masa aiki a ƙashin baya, ya sha fama kafin ya sake takawa, bai kuma ƙara buga wasa ba. Shekararsa 25. A Maris 2018 NFL ta kafa dokar cewa duk wanda ya sunkuyar da kai ya fara karo da hula, an ci ƙungiyarsa yadi 15, ana iya korarsa daga wasan. Ka ga ko ta fuskar wasa zalla, shawarar 'yan zaurenku asara ce. Sabon yaro da ba a zaɓa ba, yana neman gurbi, ya riƙa jawo tarar yadi 15? Flores da kansa zai raka shi ƙofa.

Ban ma taɓo ƙwaƙwalwa ba. Chris Borland, ƙafa 5 da inci 11, ya haskaka a San Francisco a 2014, shekararsa ta farko, sannan a Maris 2015 ya ajiye wasan yana ɗan shekara 24 saboda tsoron abin da yawan bugun kai zai yi masa nan gaba. Mutane sun zage shi a lokacin. Ni ban ga laifinsa ba.

Abin takaicin, gajere shi ya fi kowa rashin buƙatar soka kai. Ƙasa-ƙasa da Allah ya yi shi ita ce ribarsa. Dogo sai ya durƙusa kafin ya shiga ƙarƙashin mutum, shi kuwa a can yake zaune. Rodriguez zakaran kokawa ne na jihar Oklahoma tun yana sakandare, kuma kana gani a wasansa: ƙugu a ƙasa, ido a sama, hannu a cikin ƙirji. Je ka sake kallon Pace, amma ka bar bidiyon karon, ka dubi abin da ya yi kafin nan. Taku biyu na farko. Yadda yake karanta ƙafar ƙaton da ke gabansa, ya karkata kafaɗa ya zame ta gefensa ba tare da an taɓa shi ba. Da wannan zai ci abinci a NFL. Ita kuma kayarwar, tun 2014 Pete Carroll, kocin Seattle na lokacin, ya fitar da bidiyon yadda Seattle ke koyar da ita irin ta zari-ruga: kafaɗa a cinya, kai a gefe, a rungume ƙafafu a murɗa. Kyauta yake a intanet. Ku zauna ku kalla tare da yaron.

Garin ƙara nauyi kuwa, bar kuɗinka a aljihu. A Amurka ba a buƙatar amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, kafin a fara sayar da irin waɗannan kayan, don haka abin da ke rubuce a gwangwani ba lallai shi ne a ciki ba. Ɗan shekara 15 bai gama girma ba. Abinci, barci, da ɗaga ƙarfe a gaban wanda ya san aikin sun ishe shi. Nauyin da ya rage masa gudu ya raba shi da abu ɗaya da yake da shi.

Cikin makon nan ka je filin atisayensu da kanka, ka tsaya ka gani. Ka sami kocinsu ka gaya masa ƙarara cewa ka ga yaronka yana sunkuyar da kai, kana so a gyara kafin wasan farko. In ya ce maka ai haka ake zama namiji, cire ɗanka daga hannunsa, kada ka ji kunyar kowa, amana ce a wuyanka kai za a tambaya. Ka kuma ja wa yaron kunne: duk ranar da ya ji wani zafi kamar wutar lantarki ya sauka hannunsa, ko hannu ya mutu, ko kai ya juya masa bayan karo, ya fito ya faɗa. In abin ya taɓa hannu biyu ko ya sauka ƙafa, ba a ɗaga shi, ba a zaunar da shi, wanda ba ma'aikacin lafiya ba kada ya taɓa hular kansa. A kira 911 a bar shi yadda yake har su iso.