Dell 9020, i5-3470 da baret biyu: abin da zai zauna da abin da ba zai zauna ba

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni. In na fahimce ka daidai, an ba ka tsohuwar Dell OptiPlex 9020, ƴar siririyar nan, alimantasiyonta, wato akwatin da ke ba ta wuta, ta mutu. A gida kuma akwai kwamfutar da yayanka ya bari, mai prosesa i5-3470 da baret biyu na RAM. Kana son ka haɗe su, ka ƙara kart girafik, wato katin da ke sarrafa hoto, don montajin bidiyon biki da ɗan wasan ƙwallo, shi ne kake tambaya ko za su dace.

Baret ɗin mai yiwuwa ne. Prosesan ba zai hau ba. Kart girafik kuwa sai ka yi haƙuri mu bi ta a hankali.

Shi i5-3470 ƙarni na uku ne na Intel, na shekarar 2012, mazauninsa LGA 1155. Ita 9020 ƙarni na huɗu take ɗauka, mazauninta LGA 1150. A ido girmansu ɗaya, abin da ke rudar mutane ke nan, amma ƴan tsagar da ke gefen prosesan ba wuri ɗaya suke ba. Alluran kuma a jikin kart mer suke, wato babban allon da ake ɗora duk kayan a kansa, sirara kamar gashi. Ka danna da ƙarfi sau ɗaya, ka lanƙwasa biyu ko uku, allon ya tafi. Tukuna ma, ka cire fankar Dell ɗin, ka goge man da ke kan prosesanta, ka karanta lambar. Yawancin waɗanda suka biyo ta hannuna i5-4570 ko 4590 nake tararwa a ciki, kuma dukansu sun ɗan fi na yayanka. Kada ka je ka yar da na hannu garin neman na tsuntuwa.

A kan baret zan daɗe, don a nan na taɓa shan kashi. Injinan biyu DDR3 suke ci, mai ƙafa 240, saboda haka za su shiga ramin. Sai dai shiga daban, aiki daban. Ka duba ƴar takardar da ke manne a jikinsu, za ka ga rubutu irin PC3-12800U. Wannan harafi na ƙarshe shi ne zancen. U na kwamfutar tebur ne, shi kake so. S na ta hannu ne, gajere ne ma, ba zai shiga ba. R kuwa na manyan injinan sabar ne.

Wata shekara na je Kano, na tarar da wani na sayar da baret mai 8 giga da arahar da ta ba ni mamaki. Na kwashi huɗu ina ta murna har Damagaram. Suka shige ramin tsaf kamar don shi aka yi su. Na kunna, fanka na juyawa, ekaran baƙi ƙirin. Kwana biyu ina zargin allo, ina zargin prosesa, har ina zargin wuta, sai daga baya idona ya kai kan R ɗin nan. Laifina ne, ban karanta ba. Har yau suna cikin gwangwanin madara a shago, ina nuna wa yara masu koyo. In naka U ne, ka sa su. 9020 irin taka rami huɗu gare ta, tana ɗaukar har 32 giga. In gudunsu ya bambanta da na ciki ba komai, duka za su bi mai nawar.

Sai alimantasiyo. Kada ka fita kasuwa ka ce a ba ka kowace iri. Ta gama-gari kanta mai ƙafa 24 ne, kart mer ɗin 9020 kuwa mai ƙafa 8 yake karɓa, na Dell kaɗai. Akwai ƴar wayar da ke mai da 24 ta koma 8, amma ko ka same ta, akwatin alimantasiyon ba zai shiga wannan siririyar kwalin ba, sai dai ka aje shi waje wayoyi na reto, ƙurar hunturu na shiga yadda ta ga dama. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka nemo irin tata daga matacciyar 3020, 7020 ko 9020 mai girma ɗaya.

In kuma tsohuwar alimantasiyo ka ɗauko daga ko'ina, juya bayanta. Wasu na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka sau da yawa a kan 115 suke zuwa, wutarmu kuwa 220 ce. Na taɓa jona ɗaya ban duba ba, ƙara ɗaya ta yi, tas, hayaƙi ya cika shago, mai shayin da ke ƙofa ya baro butarsa a guje.

Wannan alimantasiyo ta Dell ƙarfinta wat 255 ne kacal, kuma ba ta da wayar ciyar da kart girafik. To ka cire babbar kart irin RX 580 daga ranka. Ita kaɗai tana shan wajen wat 185, tana buƙatar wayarta, ga ta ƙatuwa. Kai gajeriyar kart kake nema, wadda wutar ramin allo kaɗai ta ishe ta. GT 1030 wat 30 take sha, tana zama lafiya lau, amma iri biyu ce: mai GDDR5 da mai DDR4, suna ɗaya, ta biyun kuwa ragguwa ce ƙwarai. Akwai gajeriyar GTX 1050 Ti mai wat 75, ta fi ta nesa ba kusa ba, sai dai tana da kauri, babban ramin kuma dab yake da alimantasiyo, wurin a matse yake.

Shi ya sa ni da a ce nawa ne, sai na fara leƙa kwamfutar yayan naka. Ba ka faɗi irinta ba. In babbar kwali ce mai allon gama-gari, irin H61 ko B75, da kai mai ƙafa 24, ita zan mayar gida, in kwaso baret ɗin Dell in zuba mata. Ɗan ƙarfin da za ka rasa a prosesa bai kai ƴancin sa kowace kart da kowace alimantasiyo ba.

Ko wacce ka zaɓa, saya mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, mai SATA, inci 2.5. Bar ƴan sirara na NVMe, waɗannan allunan ba su da raminsu. In na hannu ne, a buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi. Ka kuma sani, duka prosesan biyu ba su cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, a Intel daga ƙarni na takwas ta fara, Windows 10 kuma an daina yi mata gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Ni yara masu karatu Linux Mint nake sa wa a madadin Windows, amma mai montaji sai ya duba ko manhajarsa za ta yi a can.

Sabon man prosesa, wanda ake shafa mata don zafi ya riƙa fita, dole ne. In Afirilu da Mayu suka zo zafi ya haura 40, tsohon da ya bushe kamar laka shi ke sa inji mutuwa tsakiyar aiki. Batirin allo, CR2032, canza shi tun yanzu.

Ranar saye kuma kada ka tafi da lamba a takarda kawai. Ɗora injin a kabu-kabu, ka kai shi har gaban mai kayan, a Kasuwar Dole ne ko ina, a sa, a kunna, a bar shi ya ɗauki zafi na ɗan lokaci kana tsaye, sannan ka ƙirga jikkunanka. Kafin nan, turo min hoton takardar baret ɗin biyu, da rubutun da ke tsakiyar allon yayanka, kusa da babban ramin kart.