Ku Tambaye Mu: Me Ya Sa Aka Kashe Jeong Mong-ju?

Tambaya: Na ji Koriyawa na girmama wani malami, Jeong Mong-ju, wai ya mutu kan amanar sarki. Yaya abin ya faru? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Jeong babban waziri ne a daular Goryeo, wadda ta mulki Koriya a da, shi ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga aikin fada ta 1360. Da farko tafiyarsu ɗaya da Janar Yi Seong-gye wajen gyaran mulki, amma da ya gane so ake a kawar da gidan sarautar Wang, masu mulkin Goryeo, kacokan, sai ya ja daga. A 1392 Janar ɗin ya faɗo daga doki wurin farauta. Jeong ya yi wuf ya sa aka kori manyan magoya bayan Janar ɗin daga fada, sai dai ba shi da soja, kuma nan lissafinsa ya kwance. Ɗan Janar, Yi Bang-won, ya tura mutane suka kashe Jeong a Kaesong, babban birnin daular, yana komawa gida. Ana danganta wurin da gadar Seonjuk. Cikin watanni aka kafa daular Joseon, Janar Yi ya zama sarkinta na farko.

Abin mamaki, wannan Bang-won ɗin, da ya hau gadon sarauta, shi ya karrama mamacin a 1401, don yanzu fadawa masu riƙon amana yake bukata.