Amsa: Ƙwai biyu kullum zai toshe jijiyoyin jini?

Malam, ka ce kana cin ƙwai biyu kowace safiya, an tsorata ka da maganar kolesterol, wato wani irin kitse da ke yawo a cikin jini. Babban ƙwai ɗaya yana da kolesterol kusan miligiram 186, duka a cikin gwaiduwa, farin babu komai. Sai dai hanta ce ke haɗa mafi yawan kolesterol ɗin jini, kuma idan ka ci da yawa takan rage nata. Shi ya sa a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga shawarwarinta na abinci.

Abin da ya fi ɗaga LDL, wato kolesterol mai illa da ke toshe jijiyoyin jini, shi ne kitse: man shanu, man ja, kitsen suya. Dubi yadda mai shayi a unguwar Kawo ta Kaduna ke kwara mai a kasko, ya haɗa maka da Indomie da burodi mai bota. Nan matsalar take. Dafa ƙwan minti 9 zuwa 10, kada ka sha ɗanye saboda ƙwayar cutar salmonela.

Mai lafiya, ɗaya a rana ba laifi. In kana da ciwon suga, ciwon zuciya, ko gadon hawan kolesterol, rage gwaiduwa, ka je asibitin Barau Dikko da ke Kaduna a gwada kitsen jininka tukuna.