Hekta nawa zan noma in daina sayen fetur?

Wani mai motocin haya ne ya aiko da tambaya. Ya ce motocinsa 12 ne, kowace tana shan kusan lita 25 a rana, suna aiki kwana 300 a shekara. Yana da gona hekta 10, kuma wani abokinsa ya ba shi shawarar ya shuka rake ya riƙa tace man itanol (man mota da ake samu daga amfanin gona irin su rake da masara) da kansa, ya huta da layin gidan mai. Yana so ya san ko gonar za ta isa.

Alhaji, ba za ta isa ba. Amma bari mu bi lissafin tare, don gobe in wani ya zo maka da irin wannan magana ka iya auna ta da kanka.

Motocinka suna cinye lita 300 a rana, wato lita 90,000 a shekara. Inda akasarin mutane ke tuntuɓe shi ne su ɗauka lita ɗaya ta itanol daidai take da lita ɗaya ta fetur. Ƙarfin da ke cikin itanol kusan kashi biyu cikin uku ne na fetur. Tafiyar da lita ɗaya ta fetur za ta yi maka, sai ka zuba lita ɗaya da rabi ta itanol. Ke nan abin da kake nema lita 135,000 ne.

Sai mu koma gona. A Barazil, inda suka fi kowa gogewa a harkar tun da gwamnatinsu ta kafa shirin itanol a 1975, hekta ɗaya tana ba da rake tan 70 zuwa 80, kowane tan kuma ana samun kusan lita 80 a cikinsa. Mu ce lita 6,000 a hekta. Raba 135,000 da 6,000, ka samu hekta 22 da rabi. In masara ce, a Amurka hekta tana ba da kusan lita 4,000, sai ka nemi hekta 34.

To, waɗannan alƙaluman na manyan gonaki ne masu ingantaccen iri, taki wadatacce da injuna. Kada ka ari girbin wani ka yi lissafi da shi, wannan shi ne lissafin dokin Rano. Ɗauko abin da gonarka ta saba bayarwa. In tan 40 kake samu a hekta, buƙatarka ta haura hekta 40 nan take. Ka ƙara da cewa rake yakan gaji bayan yanka biyar ko shida, sai an tuge an sake dasawa, don haka kullum akwai ɓangaren da ba ya kawo komai. Ga hanyoyin mota a cikin gona, ga filin matata. Ni nakan ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan duk abin da lissafi ya ba ni.

Matsalar fili ba taka ba ce kai kaɗai. Amurka tana ƙona fetur sama da lita biliyan 500 a shekara. Da za a maye gurbinsa duka da itanol na masara, sai an nemi kusan hekta miliyan 190, alhali duk masarar ƙasar a kan hekta miliyan 35 ko makamancin haka ake noma ta. Yanzu ma kusan kashi ɗaya cikin uku na masararsu matatun itanol ke tafiya, amma abin da ya samar bai wuce gaurayen kashi 10 cikin ɗari a tankin mota ba.

Ko da filin ya samu, da sauran rina a kaba. Tacewa tana cin wuta sosai. Abin da ya rufa wa rake asiri shi ne ana ƙona tuƙarsa a dafa ruwan, masara kuwa sai an sayo makamashi daga waje, ko da yake dusar da ta rage tana zama abincin dabbobi a rage asara. Tukunyar tacewa ta gama-gari ba ta ba da itanol da ya wuce kashi 95 ko 96 cikin ɗari, sauran ruwa ne, kuma kafin a gauraya da fetur sai an cire shi da wata na'ura daban. Motocinka ma abin dubawa ne. Na Barazil masu shan fetur ko itanol, waɗanda suka shigo kasuwa a 2003, an ƙera su ne don haka. Injin da aka yi don fetur in ka ɗura masa itanol zalla, robobi da bututun mai za su fara lalacewa. Ban ma taɓo lasisi ba, domin duk inda ake tace irin wannan ruwa hukuma tana sa ido.

Tambayar da ta fi dacewa da ɗan kasuwa ita ce: in na sayar da amfanin hekta ɗaya ɗanye, lita nawa ta fetur kuɗin zai saya mini? Hektar da ke ba da itanol lita 6,000 tana tsare maka fetur lita 4,000 ne kawai, tun kafin ka cire kuɗin matata, ma'aikata da gyara. Ka je ka ji nawa ake sayen tan ɗin rake, ka ninka da girbinka, ka kwatanta da kuɗin lita 4,000 ɗin. A ƙaramar gona irin taka, ina kyautata zaton sayarwa ce za ta yi rinjaye.

Shawarata, ka noma hekta 10 ɗinka ka sayar. In akwai babbar matata kusa, ka ƙulla yarjejeniyar kai musu kaya a rubuce kafin ka dasa, domin rake yana fara rasa zaƙinsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu da yanka, ba kayan da za ka ajiye kana jiran farashi ba ne.