Ga Baristar da ƙorafi ya tare wa hanyar Babbar Kotun Tarayya

Barista ƙanwata, na ga tambayarki: shekara 12 kina aikin lauya, kin nemi kujerar alƙali a Babbar Kotun Tarayya, wani ya rubuta ƙorafi a kanki, sunanki ya faɗi, yanzu kina tambaya ko ki sake nema ko ki haƙura. Wallahi na san wannan ciwon, ban iya wucewa ban tanka ba. Ki sake nema, amma ba da irin shirin farko ba.

Ƙorafin nan shi ya fi ƙona rai. Da wuya ya fito daga bare. Yawanci wanda kuka zauna ofis ɗaya ne, wanda ya san ranar da aka kori wata shari'arki don ba ki halarta ba, ya san mutumin da ya taɓa ƙunƙuni kan kuɗin aiki shekaru da suka wuce. Zai tare ki a harabar kotu da fara'a, ya ce Allah ya sa a dace, alhali takardarsa ta riga ta isa Abuja. Ba ya neman kujerar ma, shi dai kada ki samu. Allah ya isa! Tun 2025 NJC, wato Majalisar Shari'a ta Ƙasa mai tantance masu neman alƙalanci, ke wallafa sunayen masu nema don jama'a su faɗi abin da suka sani, kuma abu ne mai kyau, amma mai hassada ma ta ƙofar yake shiga. Maganinsa takarda ce. Rasit na duk kuɗin da kika karɓa, asusun kuɗin waɗanda kike wa aiki daban da naki, wasiƙar rufe kowane fayil, shaidar biyan kuɗin lasisi kafin 31 ga Maris kowace shekara. In an ba ki damar amsawa, ki bi ƙorafin sakin layi bayan sakin layi, kowanne da hujjarsa a maƙale. Kada ki zagi kowa a ciki, ko da ranki na tafasa.

Sai hukunce-hukuncen shari'o'in da kika yi, waɗanda ake nema a wurin mai neman kujerar, guda 10 cikin shekara 5 ga lauya mai zaman kansa. Nan mutane ke zamewa. Dole su zama shari'o'in da aka fafata har ƙarshe. Wadda aka sasanta ko wadda abokin shari'a bai bayyana ba, kada ki dogara da ita. Ki duba sunanki ya fito a cikin hukuncin, don sau da yawa ƙarami ya yi wahalar, sunan babban lauyan ofis ya hau. Ki karɓi kwafi mai hatimin kotu tun yanzu, domin in sanarwa ta fito lokaci gajere ne. Zai fi kyau wasu su taɓo hurumin kotun da ke sashe na 251 na kundin tsarin mulki: haraji, kwastan, banki, kamfanoni, miyagun ƙwayoyi.

Ki kuma bincika ko jiharki na da gurbi. Ana la'akari da rabon jihohi, in naku ya cika, ko kin fi kowa maki sai jira. Faɗuwa a nan ba gazawarki ba ce, kada ki ɗora wa kanki.

Kin yi magana da maigida kuwa? Ba kamar kotun jiha ba ce, Babban Alƙali na iya tura ki Yenagoa ko Abakaliki, yara na makaranta a Kano. Hukunci dole ya fito cikin kwana 90 bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, ga rahoton aiki duk wata uku, ga shari'o'in fidda gwani masu wa'adin kwana 180, da 'yan siyasa suna bi ta kan iyaye da surukai. Biki da suna za su ragu, har 'yan'uwa su ce kin yi girman kai. Ritaya a shekara 70 ce tun gyaran kundin tsarin mulki na 2023, amma sashe na 292 ya ce duk wanda ya riƙe alƙalanci ba zai sake tsayawa gaban kotu a matsayin lauya ba. In kin shiga, ofishin da kika gina shekara 12 kin bar shi ke nan.

In kin amince da wannan, gobe ki fara da rajistaran kotu, ki nemo hukunce-hukuncenki.