Me ya sa maganin feshi ya daina ci?

Tambaya: Shekara uku ke nan ina fesa magani iri ɗaya. Da farko ƙwari zubewa suke yi nan take, bana kuwa ko gezau, har na ninka awon. Jabu aka sayar mini, ko ƙwarin ne suka saba?

Amsa: Malam, fara duba ranar ƙarewar maganin da bakin famfon feshinka. In duk lafiya lau ne, to ba sabo ba ne, gado ne. A cikin dubban ƙwarin gonarka akwai 'yan tsiraru da aka ƙyanƙyashe su daban. Wasu jikinsu na narkar da guba tun ba ta kai jijiya ba, wasu kuma gurbin da take kamawa a jijiyar ya ɗan sauya, ba ta samun wurin riƙewa. Ka yi feshi, raunana suka mutu, waɗannan suka tsira suka hayayyafa. Maganinka ya zama rariya ke nan, kowane feshi yana tace maka masu taurin rai.

Abin ya daɗe. DDT, wani tsohon maganin ƙwari, bai yi shekaru da fitowa ba sai ga ƙudaje masu jure shi a Suwidin a 1946, sannan a Italiya. Ƙwaron dankali na Kolorado kuwa ya gagari magunguna sama da 50, kuma ban yi mamaki ba: ganyen dankalin Turawa da yake ci yana da tasa gubar, tun kaka da kakanni yake fama da ita. Tsirrai sun riga mu haɗa maganin ƙwari, nikotin ɗin taba ma don kare kai ne.

Ninka awo asarar kuɗi ce, ga kashe gizo-gizo da zanzaro masu cinye maka tsutsa kyauta. Sauya rukuni za ka yi, wato ka koma maganin da ke kashe ƙwaro ta wata hanya daban, ba suna ba, domin kwalabe uku masu suna daban na iya zama sinadari ɗaya. Duba lambar rukuni da ke jikin takardar kwalbar: 3A, 1B, 4A, 28, kowacce da inda take kama ƙwaro. Kada zuriyar ƙwari biyu a jere su sha rukuni ɗaya, kada kuma ka yi feshi sai ka zagaya ka ga ɓarnar ta kai.

Tambaya: Wata ciyawa ta ƙi mutuwa da maganin ciyawa na gilaifoset, alhali na kusa da ita sun ƙone.

Amsa: Labarin ɗaya ne. A Ostareliya aka fara tabbatar da haka, a 1996. Tuge ciyawar da hannu tun ba ta zubar da iri ba, ka wanke kayan aiki kafin ka shiga wata gona, baɗi kuma ka shuka wani amfanin da zai ba ka damar sauya magani.